Wai ana girbin auduga, ko Baba ne ke da gaskiya?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, amma don Allah a rage dariya, wadda aka yi mini a gida ta ishe ni. Ƙungiyar manoman unguwarmu ta ba ni takarda da Faransanci in mayar da ita Hausa, za a karanta bayan Juma'a a kuma tura wa mutane ta waya. Maganar bashin taki ce, cewa kowa zai biya bayan récolte ɗinsa, wato bayan ya kwashe amfanin gonarsa, masu auduga da masu albasa da masu masakwa (dawar rani). Ni kuwa na zauna na rubuta "bayan girbin auduga" da "bayan girbin albasa". Na karanta wa Baba yana alwala, sai da ya ajiye buta don dariya. Ya ce in na girbe audugar me zan kai sikeli, itacen? Daga nan bai ƙara ce mini komai ba, ya wuce masallaci. To ni a rediyo kullum ina jin girbin kaza girbin kaza. Ina kuskuren yake?

Direban Kuseri: Wa alaikumus salam. Baba ya gama magana ai, me kake nema kuma 😂

Kawu na Pitowa: Wa alaikumus salam ɗana. Mahaifinka manomi ne, shi ya sa kunnensa ya ƙi. Ni tun kafin a kafa Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, a 1974 nake shiga gonar auduga, ina yaro ina bin bayan iyayena mata da ɗan buhu a wuya, ban taɓa jin wani ya ce mu je girbin auduga ba. Cira ake yi. Wasu su ce ɗiba. Da yatsu kake zare ta daga ƙwanso, itacen yana nan tsaye, bayan kwana kaɗan ka dawo ka ciri wadda ta sake buɗewa. Girbi kuwa sara ne. Ka sari karan gero ko na dawa daga gindi ya faɗi. Ko sunan abin aikin ya ishe ka shaida, magirbi. Ka taɓa ganin wanda ya shiga gonar auduga da magirbi? Sai dai in an gama cira za a share gona.

Ɗan Garwa: To Kawu, albasa fa?

Hajiya Mai Albasa: Bari in amsa wannan, tunda gonata ce aka shigo. Albasa cire ta muke yi. In ganye ya kwanta sai a janye mata ruwa, ƙasa ta sha iska, a bi ta fangali fangali ana tugewa, inda ƙasa ta yi tauri a taimaka da 'yar fartanya a hankali don kada a ji mata ciwo. Albasar da ƙarfe ya taɓa ba ta ajiyuwa, ita ce ke fara ruɓewa ta ja 'yan uwanta. Sannan a yanke lawashi. Kai ɗana, in ka ce wa matan da ke mini aiki a bayan Marwa su zo girbin albasa, za su zo, sun gane, amma sai sun tsokane ka har ka bar wurin.

Malamin Lakwal: Ina neman afuwar manya, ni ina bayan Ɗan Garwa. Abin da Kawu ya faɗa asalin kalmar ne, ba na ja. Amma kalma ba ta zama inda aka haife ta. Yau ka buɗe kowace tashar Hausa, daga Kano har Jamus, za ka ji girbin tumatir, girbin shinkafa, har girbin kifi na taɓa ji daga bakin masu kiwonsa a tafki. Harshe yana bukatar kalma ɗaya da za ta rufe duka, kuma girbi ce ta karɓi wannan aiki. Hajiya da kanta ta ce matan sun gane. In an gane, me ya rage?

Hajiya Mai Albasa: Malam, in yaro ya ce zai "sha" tuwo ma ai na gane. Ba zan hana shi tuwon ba, amma zan gyara masa.

Direban Kuseri: Hajiya ta girbe wa Malam ƙafa 😂

Malamin Lakwal: Ka ga ni! Kai da kanka ka kawo mini hujja. Ƙafar mutum hatsi ce? Amma a filin ƙwallo kowa na cewa an girbe shi. Kalmar ta bar gona tuntuni.

Kawu na Pitowa: A'a Malam, wannan hujjata ce, ba taka ba. Don me aka ce an girbe ɗan ƙwallo? Don an sare shi daga ƙasa ya zube kamar kara. Ma'anar tana nan daram, sara daga gindi. Da an ɗauke shi cak an fitar da shi fili ba wanda zai ce an girbe shi. To auduga ba a sarar ta, albasa ba a sarar ta.

Bari in faɗa wa yaran nan yadda aikin yake, don na lura da yawansu a buhu suka san hatsi. In gero ya nuna, kafin komai yara sun riga sun fara karyo tumu suna gasawa, wannan ba ya cikin lissafi. Sai ranar girbi, a bi kunya kunya ana sara, ana kwantar da karan a jere, kawunan duk gefe guda. Wannan jerin shi ne sankace. A bar shi ya sha rana. Sannan a dawo da wuƙa a bi ana yanke zangarniya, shi ne yanka. Sannan ɗauri, a yi dami. Sannan jida zuwa gida, a zuba a rumbu. Kowanne aikin yini ne ko fiye, kowanne da sunansa. Wake kuma roro ake yi, a bi ana tsince kwanson da ya bushe, in an gama a naɗe harawa. Masara karya ta ake yi. Rogo da dankali haƙa. Gyaɗa a tuge ta, a kife ta bushe, a tsige. Bayan mai gona ya kwashe nasa, tsofaffi da yara su shiga kala, abin da suka samu rabonsu ne, ba mai hana su.

'Yar Ngaundare: Sankace? Wallahi yau na fara jin ta. Kala kuma ni launi na sani, sai kalen dangi.

Goggon Yara: Ai daga nan kalen dangi ta fito 'yata, mai bi yana tsintar dangi kamar mai tsintar gyaɗar da aka bari a gona. Mu da kalar gyaɗa muka sayi ɗankunnen sallah muna 'yan mata. Ka tona da ɗan itace, ka samu ƙwaya biyu uku, kafin la'asar ƙwarya ta kusa cika.

Mai Karal: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma Malamin Lakwal ya ce in an gane me ya rage. Bari in ba shi labarin abin da ya rage, don ni kuɗina ya tafi a kan kalmar nan.

Shekaru uku da suka wuce masakwata ta nuna, kar huɗu, wato hekta guda, ga jan-baki sun fara sauka da safe kamar hayaƙi. Ina gaggawa. Na samu wasu samari biyar 'yan ci-rani a bakin kasuwa, Hausarsu ta fi tawa ma. Na ce aikin girbi ne, muka yi ciniki, muka tsayar da kuɗi, na ba da rabi. A raina na gama, zan zo in tarar da dawa a tare. Kwana biyu suka kira ni wai sun kammala. Na hau babur na je. Wallahi gona ta yi kyau, kara duk a kwance layi layi kamar an sa igiya, amma ko zangarniya ɗaya ba a yanke ba. Na ce ina sauran aikin? Babbansu ya dube ni ya ce, Alhaji girbi ka ce, ga girbi nan, yanka da tari cinikinsu daban. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, muka je gaban wani dattijo da ke gona kusa da tawa. Ya saurare mu, ya tambaye ni, da bakinka me ka ce? Na ce girbi. Ya ce to yaran nan ba su cuce ka ba. Haka na sake sabon ciniki, kuma da yake sun ga idona ya yi ja, ba su rage mini ko dala ba.

Malamin Lakwal: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Amma ka lura, kai manomi ne ɗan manomi, kuma kai ma da ka ce girbi duk aikin kake nufi. Ashe faɗin ma'anar ba daga rediyo kaɗai ya zo ba, yana bakin manoma.

Mai Karal: Wannan kuma gaskiya ne, ba zan ƙi ba. A hira haka muke faɗa. A ciniki ne na daina.

Modibbo: Assalamu alaikum. Malamin Lakwal yana da wata madafa da bai kawo ba. A Suratul An'am aya ta 141, Allah ya ambaci gonaki da dabino da shuka da zaitun da rumman, sannan ya ce a ba da hakkinsa yauma hasadihi. Duk tafsirin da na zauna tun ina ƙarami, da Hausa "ranar girbinsa" ake fassarawa. Dabino kuwa ba a sare shi daga gindi. Ke nan malamai sun daɗe da ɗaukar girbi a matsayin kalmar da ke rufe duka, tun kafin rediyo ta yawaita. Haka karin maganar da kowa ya sani, abin da mutum ya shuka shi zai girba. Ba a ce banda mai shuka wake ba.

Kawu na Pitowa: Allah ya gafarta Malam, a nan na sassauta. Amma karin magana da tafsiri sama suke bi. Takardar yaron nan ƙasa za ta sauka, hannun mutanen da za a bi bashi.

Modibbo: Haka ne Kawu. Tunda an taɓo zakka, in ƙara abu ɗaya don masu masakwa suna yawan tambaya. Nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, sa'i 300 ke nan. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, shi ya sa iyayenmu ke ware dami ɗaya a kowane goma tun a gona. Abin da aka shayar da wahala, da inji ko da guga, rabin haka ne. Masakwa ba ruwan sama a kanta, amma kuma ba ban-ruwa ake mata ba, jijiyarta ce ke shan danshin da ƙasa ta riƙe, don haka ɗaya cikin goma ce. Ɗan ruwan da ake zubawa a rami ranar dashe bai mayar da ita noman ban-ruwa ba.

Ɗan Garwa: Na gode Malam. To don in huta, me zai hana in rubuta "bayan kaka" kawai? Ba girbi ba cira, kowa ya huta.

Mai Karal: Kada ka soma! Wannan ta fi ta farko haɗari.

Hajiya Mai Albasa: Kaka ta wa?

Mai Karal: Yawwa Hajiya. Kaka lokaci ce, ba aiki ba ce. Ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, sanda gero da jigari (dawar damina) da gyaɗa ke shigowa gida. A ƙasar Kano wannan lissafin ya wadatar da yawancin manoma. Mu a nan lokacin da mutane ke cewa kaka ta yi, mu ko dashe ba mu gama ba. A watan Agusta muke zuba iri a yi reno, ruwa ya janye daga karal, wato ƙasar laka da muke noman masakwa a kanta, a share ciyawa, Satumba da Oktoba a bi da sanda mai tsini ana huda ƙasa, a zuba ɗan ruwa, a sa dashe biyu a rami. Ita kuma ta yi ta girma cikin sanyi ba ɗigon ruwa daga sama, ƙasa na tsagewa har ƙafar yaro ta shige. Sai Janairu zuwa Fabrairu a girbe. Fulani na ce mata muskuwaari, mutanen Barno masakwa, a Cadi berbere. To in ka rubuta bayan kaka, mai karɓar bashi zai zo mini a Disamba ya ce kaka ta wuce, ni kuma in ce tawa ba ta zo ba. Wa zai raba mu?

Ɗan Njamena: Mu nan haka abin yake. Da Larabcin Cadi lokacin nan darat ake ce masa, yana tsakanin kharif da shita, wato damina da sanyi, daidai da kakarmu. Amma berbere ba ta shiga darat, sai can bayan sanyi ya yi nisa. Hausawan nan in suna hira za ka ji wani ya ce sai darat zan biya ka, a tsakiyar Hausa, ba ya ma lura. Kuma abin da na gani, Balaraben ƙauye ba ya cewa hasad sai in karatu yake, yankan hatsi yake cewa da harshensa. Kamar dai rigimar nan taku, kalmar littafi daban, ta gona daban.

Malamin Lakwal: To ai Faransancin da ya jawo mana wannan duka shi ma haka yake. Suna da moisson ta hatsi, cueillette ta abin da ake tsinka da hannu, vendange ta inabi kawai, arrachage ta abin da ake tugewa. Sai récolte ta hau kansu duka. Ba wanda ya ce récolte ta kashe sauran. Abin da nake cewa ke nan, a bar girbi ta zama récolte ɗinmu.

Kawu na Pitowa: Bambancin shi ne su récolte ba sunan aikin wani amfani ba ce, daga sama ta zo. Mu kuwa ka ɗauki sunan aikin gero ka naɗa shi sarki a kan sauran. In aka jima yaro zai tashi bai san roro ba, bai san cira ba, kamar yadda 'yarmu ta Ngaundare ba ta san sankace ba. Ba laifinta ba ne, ba ta ji ba ne.

'Yar Ngaundare: Kawu ni fa roro na sani 😭 kada a sa ni a baki. Amma tambaya, kaka ta lokaci da kaka mahaifiyar uwa kalma ɗaya ce? Kullum ina ganin kamar don tsofaffi ke rabon hatsi.

Malamin Lakwal: A rubutu ne suka zama ɗaya. Faɗe su da baki ki ji. Ta lokaci murya sama take daga farko har ƙarshe, ta tsohuwa kuwa daga ƙasa take farawa ta hau. Boko ba ya nuna karin sauti shi ya sa. Ta lokacin ita ma ta yi tafiya, ga kakar wasanni, ga kakar zaɓe, ga 'yan kasuwa in abu ya karɓe su a ce kakarsu ce. Ba wanda ya yi rigima da wannan, sai girbi.

Direban Kuseri: To "kakarsa ta yanke saƙa" fa, wace ce a ciki?

Goggon Yara: Tsohuwar mana. Ka taɓa ganin lokaci yana saƙa?

Ɗan Yagwa: Ku yi haƙuri na makara, sai yanzu na samu caji. Ba wanda ya yi maganar shinkafa. Mu a filayen SEMRY, kamfanin noman shinkafa, daga Yagwa har Maga inda aka yi madatsar ruwa a 1979, yanka muke cewa. Lauje ne a hannu, ka kama damƙi ka yanke, a tara, a buga, mata su sheƙe. To ga abin da zai rikita Kawu: shinkafa daga ƙasa ake yanke ta, ta faɗi, daidai da bayanin da ya yi na girbi. Amma yankan shinkafa ya fi zama a bakina. In wani ya ce girbin shinkafa kuma ba ya yi mini ƙaiƙayi a kunne kamar girbin albasa.

Kawu na Pitowa: Bai rikita ni ba ɗana. Lauje ja ake yi, yanka ke nan. Magirbi sara ake yi. Hannu ne ya raba su. Amma don dukansu hatsi ne masu zangarniya, girbin shinkafa ya shige, na yarda. Iyakata ke nan: abin da ke da kara da kai a sama, a ce girbi ban damu ba. Abin da ke cikin ƙasa ko wanda ake tsinka da yatsu, a bar masa sunansa.

Malamin Lakwal: Ka ga Kawu ya ba ni shinkafa. In muka kai dare zai ba ni masara.

Kawu na Pitowa: Masara ka ɗauka. Auduga sai bayan raina.

Hajiya Mai Albasa: Ɗan Garwa, bar su da gardamarsu, ga shawarata ta mai biyan bashi. Kira kowane aiki da sunansa, sannan ka sa wata da rana. Mu masu albasa ma ba lokaci ɗaya muke cira ba, wani tun cikin sanyi, wani sai zafi ya shigo, kuma mai hankali ba ya sayarwa ranar da ya cire, sanda kasuwa ta cika buhu ya faɗi. In takarda ta ce bayan cira, washegari za a tsaya mini a ƙofa. Ka koma wurin shugabanninku su faɗi rana.

Ɗan Garwa: Na kira sakatare yanzun nan. Ya ce su ma ba su tsayar da rana ba, wai récolte ɗin ce ranar. Na karanta masa labarin Alhaji Mai Karal, ya yi shiru, ya ce za su zauna daren Laraba. Ga yadda na gyara kafin nan:

"Ana sanar da 'yan ƙungiya cewa bashin taki za a biya shi kamar haka: masu auduga bayan an gama cira an auna, masu masakwa bayan girbi da bugu, masu albasa bayan an cire an sayar. Za a sanar da ranar ƙarshe ta kowane rukuni."

Na kai wa Baba. Ya karanta sau biyu, ya ce wa ya koya mini "bugu". Na ce mutanen waya. Ya ce to su koya mini tashi da asuba ma.

Mai Karal: "An sayar" ɗin nan Hajiya ce ta sa aka saka, mu ba a ba mu ba. A ƙara mana mu ma.

Hajiya Mai Albasa: Dawa tana shekara a rumbu Alhaji, in aka ce sai ka sayar ba za a ga kuɗin ba sai baɗi. Tawa wata nawa take yi?

Ɗan Njamena: Kafin a watse, riɗi fa? Ana noma shi sosai a kudancin Cadi, yanke shi ake yi a ɗaure a jingine tsaye, in ya bushe a kife a kakkaɓe. Wannan girbi ne ko yanka, Kawu?

Kawu na Pitowa: An kira magariba. In na dawo.